Hancin da Ya San Afirka

Orval Dunkle ya ce hancinsa ya san Afirka. Ƙafarsa dai ba ta taɓa wuce Indiana ba, can ɗin ma bikin ƙanwar matarsa ne ya kai shi, amma hancin, in ji shi, ya zaga Masar, ya ratsa Libiya, ya kwana a Tunisiya. Ka miƙa masa hular kwanon sojan Jamus, ya rufe ido ya shaƙa, zai gaya maka saharar da aka yi yaƙi da ita, da watan da aka yi, wani lokacin har da abin da sojan ya karya da shi. Haka yake faɗa, kuma ba ya dariya in yana faɗa.

Tayar mota ya yi ta sayarwa a Toledo har kansa ya yi sanƙo, sannan ya ajiye ya koma harkar huluna. Ba kowace hula ba. Ta sojojin laima kawai, waɗanda ake jefowa daga jirgin sama, a cikinsu ma sai wadda aka shafa wa fentin sahara. 'Yan harkar suna kiransa Farfesa. Da tsokana aka fara, shi kuma ya je ya buga sunan a kati.

Maxine Petrak ta ji labarin hancin nan ne a bakin yayanta Lonnie, yana tuƙi yana maimaitawa har ta haddace. Tana gaba, da hular babansu a kan cinya cikin jakar cefane. Mahaifiyarsu Irma tana baya, ta rungume jakar hannunta, tana kallon gonakin masara ta taga. Cewa ta yi ita ba ruwanta da rigimarsu, ta biyo su ne don ta gaji da zaman gida.

Rigimar kuwa Baba ne ya bar musu ita. Stanley Petrak, kafin ya cika a ƙarshen hunturu, ya raba kayansa da baki, a taƙaice kamar yadda ya saba magana: kayan yaƙi na Lonnie, kayan aikin lambu na Maxine. Lambobin yabo da rigar soja, ba musu. Shebur da fartanya, ba musu. Sai hular. A Tunisiya ya samo ta a yaƙin duniya na biyu, wannan kayan yaƙi ne. Amma tun kafin a haifi Maxine da ita yake tsinkar wake, da ita yake kwaso tumatir, da kaka ya zuba irin albasa a ciki ya rataye ta a ƙusa a gareji. Wannan kuma kayan mene ne?

Lonnie yana son kwale-kwale mai inji. Maxine tana son hular a ƙusarta. Da suka gaji da ja-in-ja sai suka yi yarjejeniya: a kai wa Farfesa. In ya ce abin tarihi ce, to kayan yaƙi ce, Lonnie ya sayar. In ya ce tarkace ce, Maxine ta koma da ita gareji.

Abin da ya dami Maxine shi ne ba ta san wanne take roƙo ba. In ya ce tarkace, hula ta zama tata, amma ke nan an ce Baba ya yi ƙarya. Kuma Baba labari ɗaya tak yake da shi na yaƙin nan. Wai wata gonar zaitun ce, ana ruwa, laka har gwiwa, sojojin laiman Jamus sun ja da baya, ya ga hular a kife gindin bishiya ya ɗauka. "Ba kowa a cikinta," haka yake rufewa kullum, don kada yara su ƙara tambaya. Mutumin da ya tsallaka teku yana ɗan saurayi, ya dawo bai taɓa yi wa kowa alfahari ba, shi za a ce ya sayi hula a kasuwa ya ƙaga labari? Ta ƙara matse jakar a cinyarta.

A babban zauren filin baje kolin gunduma ake taron masu harkar tsofaffin kayan yaƙi. Tebura layi-layi, an shimfiɗa musu barguna koraye, an jera wuƙaƙen bindiga, gorunan ruwa, maɓallai, takalman da ƙafa ɗaya ta ɓata. Dattawa masu tumbi suna yawo da rabin kayan soja, riga ta yaƙi, wando na zuwa coci. Kowa yana magana ƙasa-ƙasa kamar a asibiti. Dokokin wurin biyu ne, kuma kowa ya san su. Kada ka taɓa sai ka tambaya. Kada ka wanke komai, don a nan datti ya fi ƙarfe daraja. Zagi mafi muni kuwa shi ne a kalli hularka a ce, "Fentin bayan yaƙi." Hular da aka ce wa haka ta mutu, sai dai a zuba mata furanni.

Da shigarsu Irma ta ce, "Ni zan nemi ban-ɗaki, sannan in ga ko suna da kofi mai kama da kofi. Kada ku yi faɗa a gaban mutane." Ta yi gaba abinta.

Teburin Orval yana tsakiyar zaure, ƙarƙashin fitila. Huluna ne a jere cikin akwatunan gilashi, kowacce a kan ɗan matashinta. Ba irin hular Jamus mai faɗin baki da aka saba gani ba, waɗannan gundulallu ne, an yanke musu baki don kada iska ta fizge kan mutum yana saukowa, da noti huɗu a jiki da madauri mai reshe biyu. Duk launin ƙasa. Shi kuma Orval yana zaune a bayansu da farar safar hannu, da madubin ƙara girma rataye a wuya.

Lonnie ya tuɓe hularsa ta hana-salla. Maxine ba ta taɓa ganin ya tuɓe wa kowa ita ba, har fasto.

"Mista Dunkle, ni ne na bugo waya. Lonnie Petrak. Wannan ƙanwata ce."

Orval bai kalli ƙanwar ba. Jakar ya kalla. "A jakar cefane?" ya ce. "Kun kawo min tarihi a jakar cefane?"

"A jakar cefane ta fi shiga," in ji Maxine.

Wani dattijo a teburin gefe, mai sayar da maɓallai da cokulan soja, ya ƙyalƙyale da dariya. Gus Feeney ke nan, maƙwabcin Orval a kowane taro, kuma shi ne ya fara kiransa Farfesa. "Ku matsa baya, jama'a," ya ce, "za a kunna hanci. Mai mura ya rufe baki."

"Gus, sayar da cokulanka."

"Ai ba mai saye. Kowa ya zo kallon hancinka."

Maxine ta fito da hular ta ajiye a kan bargo. Mutum biyu da ke wucewa suka tsaya, wani ya kira wani, kafin ka ce me an kewaye teburin. Ita dai hula ce da ta sani tun tana rarrafe, ruwan ƙasa, jikinta kaushi-kaushi kamar harshen kyanwa, gefe ɗaya ya ɗan lotse. Amma yadda dattawan nan suka riƙe numfashi sai ta ji alfahari ya kama ta. Ta Babana ce, ta faɗa a ranta. Ku kalla da kyau.

Orval ya ɗauke ta da hannu biyu kamar jinjiri. Ya juya ta. Ya duba notin ɗaya bayan ɗaya. Ya haska tocila cikin bakin ƙarfen ya karanta wasu ƙananan lambobi da aka buga, leɓensa yana motsi.

"Ƙarfen na gaske ne," ya ce. "Wannan ko makaho ya sani. Ko Gus ya sani."

"Na gode, Farfesa."

"Madauri na gaske. Fatar ciki ta gaske." Ya leƙa ciki, ya sa yatsa ya zaro wani abu busasshe. "Wannan fa?"

"Ɓawon albasa," in ji Maxine.

Ya dube ta a karon farko. "Yarinya, kin san abin da kika ce kuwa? Albasa. A cikin wannan."

"Da wake. Da tumatir in lokacinsa ne."

Wani a cikin taron ya yi nishi kamar an taka shi.

Orval ya ajiye ɓawon a gefe, a hankali, wai ko shi ma tarihi ne. Sannan ya gyara zama, ya cire gilashin idonsa, ya rufe ido. Ya kai hular hancinsa. Ya fara daga goshi, ya bi gefe, ya zaga ƙeya. Ya shaƙa gajere-gajere, sannan ya ja dogo guda har kafaɗunsa suka ɗaga. Ya daɗe a haka. Maxine tana kallon sanƙonsa yana sheƙi a ƙarƙashin fitila, tana tunanin ko haka yake yi wa taya a da.

"Afirka," ya ce, ido a rufe.

Lonnie ya dunƙule hannu ya naushi iska.

"Ba Italiya ba. Italiya tana da warin danshi. Ba tsibirin Kirit ba. Wannan Afirka ce." Ya buɗe ido ya dubi taron, don shi ba ya son ɓata bayani a kan mutum biyu. "Ku gane wani abu. Mutanen nan an horar da su su sauko daga sama, sai aka kai su sahara aka ce su yi yaƙi da ƙafa. Ba laima, ba jirgi, motoci ma ba isassu ba. Da aka karya su a Masar aka bar su a baya, a ƙasa suka taka cikin rairayi, har suka tare ayarin motocin Ingila suka ƙwace suka tuƙo kansu gida. Hularsu kuma da launin toka aka ba su. Toka a sahara! Ka zama fitila ke nan, kowa ya harba. To me soja zai yi? Sai ya sami fentin mota, ya ɗebi yashi a gaban ƙafarsa ya zuba a ciki don kada ya yi ƙyalli, ya shafa." Ya ɗora hular a tafin hannu ya ɗaga ta sama. "Ku dubi zanen burushin nan. Sauri-sauri. Hannun mutum ne da ake yi wa ruwan bama-bamai. Ku dubi nan, inda fentin ya zuba ya daskare. Ba shi da lokacin gyarawa. Wataƙila wannan shi ne aikin ƙarshe da ya yi a duniya."

Dattawan suka gyaɗa kai cikin girmamawa. Har da Gus.

"Baba ya ce a gonar zaitun ya same ta," in ji Maxine. "A Tunisiya. Ana ruwa."

"Tunisiya, ai na riga na ji ta," in ji Orval. "Arewaci. Ruwan kuma, to, tsofaffi sukan haɗa abubuwa. Wannan fentin rana ce ta gasa shi." Ya sa farce a gefen da ya lotse, ya ɓanɓaro ɗan ƙwayar yashi, ya ɗora a kan harshe. Ya tauna a hankali da haƙoran gaba. "Gishiri-gishiri. Kusa da teku ke nan. Kuma akwai wani abu a ƙasa-ƙasa." Ya sake shaƙa. "Dabba. Raƙumi. An ɗaure raƙuma kusa da inda aka ɗebi yashin nan."

"Namiji ko mace?" in ji Gus.

"Gus, shekara nawa kana wannan harkar, har yau cokali."

Maxine ta ji idonta ya cika. Ba don raƙumin ba. An faɗa a gaban jama'a cewa Baba bai yi ƙarya ba, ya je inda ya ce ya je, ya ɗauki abin da ya ce ya ɗauka. Ta so a ce yana nan, tsaye da hannu a aljihu, yana jin kunyar yawan mutanen. Sai kuma ta ga Orval ya jawo wani akwatin gilashi fanko daga ƙarƙashin tebur, da ɗan matashinsa a ciki, ashe tun da aka yi waya ya tanade shi. Nan ta gane ta rasa hular. Za a rufe ta a gilashi, dattawa su riƙa hura mata numfashi, ƙusar gareji ta zauna haka nan.

Ta jawo Lonnie gefe. "Lonnie, ka bar min ita. Ka ɗauki injin yankan ciyawar. Sabo ne."

"Injin yankan ciyawa ba ya tafiya a ruwa, Max."

"Ka ɗauki shebur ɗin ma. Duk kayan aikin lambun."

"Yarjejeniya yarjejeniya ce. Ke kika ce a tambayi masani, ga masani ya faɗa." Ya ɗan sassauta murya. "Ai sunan Baba zan sa wa kwale-kwalen."

"Baba ko wanka a tafki ba ya yi."

Orval ya kira Lonnie da yatsa, ya raɗa masa farashi a kunne. Kunnuwan Lonnie suka yi ja. Ya gyaɗa kai, ya sake gyaɗawa, ya miƙa hannu a gaisa.

Daidai nan Irma ta kutso cikin taron, kofin takarda a hannu ɗaya, yankan kek ɗin tuffa a ɗaya. "Kofin nan ruwan wanke-wanke ne," ta ce. "Me ya tara mutane? Wani ya suma?"

"Mama, an gama," in ji Lonnie. "Ta gaske ce. Mista Dunkle ya ce fentin ma na sahara ne."

Orval ya miƙe tsaye, don ya san darajar matar tsohon soja, musamman in ana kallo. "Madam, mijinki ya kawo wa ƙasar nan dukiya. Fentin da ke jikin hular nan, wani sojan Jamus ne ya shafa shi da hannunsa, ana wuta a kansa."

Irma ta leƙa hular. Ta gutsiri kek. "Wannan fentin?"

"Shi fa."

"Ai ni na shafa shi."

Kowa ya juyo ya dube ta.

"Mama," in ji Lonnie, "je ki zauna, kin gaji."

"Ban gaji ba, ɗazu na zauna. Ni na shafa shi, shekarar da muka tare a gidan. Da Stanley ya kawo ta wani fenti ne a jikinta, shi ma ruwan ƙasa, duk ya ɓaɓɓake, ga tsuntsun nan na tambarin Jamus a gefe riƙe da karkataccen gicciyensu yana leƙowa. Na ce wannan tsuntsun ba zai kwana a gidana ba, na mutanen da suka kashe min ƙane. Stanley ya ce shi ba zai yar da ita ba. Na ce to. Na sa soson ƙarfe na kankare ta tas, sai da ta yi fari kamar tukunya."

Wani dattijo a baya ya ce, "Wayyo Allah," ya dafe tebur.

"Kin kankare," in ji Gus, a hankali, kamar mai jin daɗin kowace kalma. "Fentin sahara na gaske. Da soson ƙarfe."

"Da sabulu. Kwana na yi hannuna yana ciwo. To kuma ba a barin ƙarfe tsirara, tsatsa zai yi. Ina da ragowar fentin matakalar ƙofar baya, sai na shafa mata."

Orval ya yi murmushin da ake yi wa tsofaffi. "Madam, shekaru sun ja. Wataƙila wata hular ce. Akwai yashi a cikin fentin nan. Fentin gida ba ya zuwa da yashi."

"Ba ya zuwa da shi, zubawa ake yi. Kai ba ka da matakala ne? In ƙanƙara ta sauka ba ka sa yashi a fenti ba, ai sai ka karya ƙugu. Kowa a layinmu haka yake yi."

"Amma zanen burushin…"

"Lonnie ne yake tsala kuka a ɗaki, ga miya a wuta. Sauri nake yi."

Gus ya kifa kansa a kan cokulansa, kafaɗunsa suna rawa don dariya. Wani a cikin taron ya faɗi kalmar, ba da ƙarfi ba, amma kowa ya ji: "Fentin bayan yaƙi." Mutanen suka fara ja da baya kaɗan-kaɗan, kamar an ce hular tana da cuta.

"Mama, me ya sa ba ki taɓa faɗa ba?" Muryar Lonnie ta koma ta yaro.

"Wa ya tambaye ni? Kullum yaƙi, yaƙi. Ba wanda ya taɓa cewa, Irma, wa ya yi wa hular nan fenti mai kyau haka, shekara da shekaru ko ɓarewa bai yi ba."

Lonnie ya juya wajen Orval. "Amma ƙarfen na gaske ne, kai ka faɗa. Cinikin yana nan, ko?"

Orval kuwa da ƙafa yake tura akwatin gilashin ƙarƙashin tebur, a hankali, yana kallon wani wuri daban.

Maxine ta miƙa hannu ta ɗauki hular. Ba ta tambayi kowa ba. Lonnie ya kalle ta, ya mai da hularsa kai. Ta rungume ta a ƙirji, ta tsaya kusa da uwarta, kafaɗa da kafaɗa. Baba ya je Tunisiya, ya dawo da abin da ya ce. Mama kuma ta kankare tsuntsun. A duk zauren nan mai cike da kayan yaƙi, Maxine ba ta ga gidan da ya kai nasu ba.

Orval dai bai saduda ba. Ya mai da gilashin idonsa, ya gyara safar hannu, ya ɗaga murya don waɗanda suka fara tafiya su ji. "Fenti dai, na yarda, ana iya samun kuskure, hasken wurin nan ba shi da kyau. Amma yashin, Madam, na ɗanɗana shi. Akwai gishiri. Akwai warin dabba. Mijinki ya zo da yashi daga can, ko a aljihu, ko a takalmi, kika zuba ba ki sani ba. Hancina bai taɓa yi min ƙarya a kan raƙumi ba."

Irma ta kurɓi kofin ta yamutsa fuska. "Mu dai ba mu taɓa kiwon raƙumi ba," ta ce. "Kyanwa muke da ita. A akwatin yashin da take kashi a ciki na ɗebo."